Ekstanal ɗina ya faɗi da bikin mutane a ciki, uwar amarya kuma kullum sai ta kira

Assalamu alaikum Yaya, dan Allah a sakaya sunana. Ni mai ɗaukar hoto ne da bidiyo na biki, shekarata huɗu kenan a harkar. Watan jiya na ɗauki wani biki na kwana uku tun daga kamu har dina da buɗar kai, na kwashe komai na zuba a ekstanal ɗina mai 2TB, wato had disk na ajiya da ake jonawa da kwamfuta ta kebul, sai na yi wa memori fomat saboda ina da aikin suna a gaba. Ina cikin editin ekstanal ɗin na jone da laftof, yaron da yake koyon aiki a wajena, ɗan yayata ne, ya zo wucewa ƙafarsa ta ja kebul ya faɗo daga tebur kan tayil. Da na mayar ya buɗe amma da ƙyar, in na fara kwafi sai ya tsaya a hanya, nayi ta cirewa ina mayarwa, washegari kwamfuta tace wai sai nayi fomat, banyi ba. Na sauke wata manhajar dawo da fayil na barta tana bincike kusan awa shida, tun daga nan ya fara wata ƙara ƙas ƙas ƙas sai yayi shiru. Wani mai gyara yace in kawo ya buɗe ya daidaita allurar, abokina kuma yace in ɗaure shi a leda ya kwana a firiza. Uwar amarya ta biya ni kusan duka kuɗin, kullum ina ce mata editin ne bai ƙare ba, yau kwana 12 kenan ina wannan ƙaryar, amarya kuma an kaita wani gari tana jiran albam ɗinta. Yaron na kore shi, yayata tana fushi dani. Wallahi bana iya barci. Ya zanyi?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Kafin ka ci gaba da karatu, in ekstanal ɗin nan yana jone da wani abu yanzu haka toh tashi ka zare shi, ka naɗe shi a tsumma mai laushi ka sa a durowa inda babu mai taɓawa, sannan ka dawo mu yi magana. Na san halin da kake ciki, mutum ya kwanta zuciyarsa na ce masa tashi ka ƙara jonawa ko wannan karon zai buɗe, kuma duk wanda ya taɓa rasa aiki a cikin irin wannan abin ya san wannan jarabar. Amma a yanzu kowace jonawa tana cin wani abu daga cikin bikin nan, shi yasa na fara da ita kafin maganar Hajiya uwar amarya da ta yaro.

Bari in gaya maka abin da ke faruwa a ciki don ka gane dalilin da yasa nake matsa maka. A cikin wannan ɗan akwatin akwai faifai masu sheƙi kamar madubi, yawancin ƙananan ekstanal suna juya su sau 5400 a minti ɗaya, wato sau 90 a daƙiƙa guda, kuma a samansu akwai wani ɗan hannu mai allura a baki wanda shi ke karantawa da rubutawa. Allurar nan bata taɓa faifan, shawagi take a kan iskar da juyawar ke kaɗawa, tazarar da ke tsakaninsu ko kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kanka bata kai ba. Toh ka duba, abu yana cikin wannan gudun ya faɗo kan tayil. Allurar ta daki faifai. Shi yasa da farko ya buɗe amma yana jan ƙafa, wasu wurare suna karantuwa wasu sun ji ciwo. Ita kuma manhajar da ka bari awa shida ta tilasta wa gurguwar allura ta bi faifan lungu da saƙo, tana komawa kan wurin da ya ji ciwo tana sake komawa, har ta ƙarasa gajiya. Wannan ƙas ƙas ɗin da kake ji hannun ne yake fita neman alamomin da zai gane inda yake a kan faifai, ya rasa, ya koma mazauninsa ya buga, ya sake fita. Ban faɗi haka don in ƙara maka ciwo ba, kusan kowa abin da yake yi kenan tunda babu wanda ya taɓa gaya masa, kuma ka yi abu ɗaya mai kyau ƙwarai da ka ƙi danna fomat.

Na taɓa tsayawa a kan wani da aka buɗe bayan mai shi ya yi sati yana jonawa yana cirewa. A kan faifan akwai wani zobe da ya zagaye shi tsaf, dishi-dishi kamar an ja ƙusa a kan madubi, a gefe kuma ɗan farin matacin da ke cikin akwatin ya koma ruwan toka. Wannan tokar ita ce fatar faifan da allura ta kankare, wato ita ce fayilolin mutumin. Abin da ya zama ƙura babu injiniyan da zai mayar da shi hoto a duniyar nan. Fatana naka bai kai nan ba, kuma hanyar da zaka hana shi kaiwa ita ce ka bar shi a durowa.

Maganar firiza ka manta da ita. Tsohuwar dabara ce ta zamanin wasu had disk na da, a na yanzu abin da zata jawo maka shi ne raɓa ta kwanta a kan faifai da zarar ka fito da shi cikin zafinmu, allura kuma ta bi ta kai. Abokinka da zuciya ɗaya ya faɗa, kayi masa godiya kawai. Shi ma mai gyaran bana zarginsa da mugun nufi, wataƙila ƙwararre ne a laftof da waya, amma buɗe had disk sana'a ce daban. Ana yinta ne a kan teburi na musamman mai tace iska, saboda ƙwayar ƙura guda ɗaya ta fi tazarar allurar nan girma nesa ba kusa ba, balle shagon kasuwa da fanka ke kaɗawa ga ƙurar titi na shigowa. Kuma allurar da ta lalace ba daidaita ta ake ba, cire ta ake a ɗauko wata daga had disk irinsa sak a dasa. In ka bari aka buɗe shi a kan benci garin neman gira za a rasa ido, har masu aikin na gaskiya in ka kai musu daga baya zasu ƙara maka kuɗi ko suce basa karɓa. Haka nan duk wanda yace bari ya sa masa chkdsk, wato umarnin gyaran disk na Windows, ko ya danna gyaran da Windows ke ta yi maka tayinsa, kace a'a, wannan rubutu yake a kan faifan, yana iya yanke fayiloli ya watsar da sunan gyara.

Yanzu ga inda nake ganin hasken yake, kuma naga kamar hankalinka bai kai wajen ba saboda ruɗewa: memorin kamararka. Fomat ɗin da yawancin kamarori ke yi ba goge hotuna yake ba, teburin da ke nuna inda kowane hoto yake shi ake sharewa, hotunan suna nan kwance har sai an rubuta sabo a kansu. Kace aikin suna kayi bayan nan. Suna ai wuni ɗaya ne, bikin kwana uku kuwa na tabbata ya ci kati fiye da ɗaya ko ya cika babba, kuma kamara in an yi fomat yawanci daga farkon katin take fara zuba sabon aiki. Kenan mai yiwuwa hotunan farko-farko sun tafi, amma na tsakiya da na ƙarshe suna nan, katin da baka sa a ranar sunan ba kuwa wataƙila ko ɗaya bai taɓu ba. Dan haka daga yau kar ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya da waɗannan katunan, in aiki ya taso ka ari wani ko ka sayi sabo. Ka duba gefen katin akwai ɗan makulli ƙarami, ka ja shi ƙasa wajen da aka rubuta Lock, sannan ka sa shi a abin karanta kati.

Manhajar da zan ce ka fara da ita PhotoRec ce, kyauta ce, tare take zuwa da 'yar uwarta TestDisk, wani Bafaranshe Christophe Grenier ne ya rubuta su, kuma a Windows akwai mai tagogi da ake kira QPhotoRec in baƙin allo yana baka tsoro. Ka sauke ta daga shafinsu na CGSecurity, banda irin waɗanda ake fasawa ana rabawa a fulash, su ne ke zuwa da bairos. Ka zaɓi katin, kace ta bincika shi gaba ɗaya, ka nuna mata wata folda a laftof ko wani had disk mai lafiya ta zuba abin da ta samo, kar ka kuskura ka mayar kan katin da kake cirowa. Zata fito maka da hotunan babu sunayensu na asali, wasu lambobi zaka gani a foldoji masu suna recup_dir, kar wannan ya dame ka, kwanan wata da lokacin ɗauka suna cikin kowane hoto, in ka jera su da lokaci zaka ga bikin ya dawo a tsare daga kamu zuwa buɗar kai. Ta san JPEG, ta san RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ke ajiyewa, na Canon da Nikon da Sony. Bidiyo ne mai wuya, saboda kamara kan rubuta shi gutsi-gutsi, sai kaga fayil ya dawo da nauyinsa amma ya ƙi buɗewa. Kar ka goge irin waɗannan, ana iya ɗinke wasu in aka samu lafiyayyen bidiyo daga wannan kamarar a matsayin samfur. In kuma PhotoRec bata gamsar da kai ba ka gwada DMDE, wata manhajar dawo da fayil ce, ita wani lokacin har da sunaye take dawowa, kuma ta kyautar tana barinka ka ciro fayil har 4000 daga folda ɗaya a lokaci guda. Abu ɗaya da zai iya karya wannan fatan shi ne in fomat mai zurfi kayi, kamar wanda Canon ke baka zaɓi ka yiwa alama, ko kamararka na cikin masu share katin da gaske. Awa ɗaya ko biyu zasu nuna maka.

Sannan ka bincike laftof ɗin kansa tunda kace kana cikin editin abin ya faru. In Lightroom kake amfani da shi wajen editin hoto, yana ajiye ƙananan kwafin hotuna a kusa da katalog ɗinsa, in kuma ka taɓa kunna Smart Previews, wato kwafin da yake ajiyewa don kayi editin ko babu hoton asali, toh zaka iya fitar da su a JPEG ko da ekstanal baya jone, basu kai na asali girma ba amma sun isa albam madaidaici da turawa a waya. Ka duba duk abin da ka riga ka fitar, guntun bidiyon da ka tura wa ƙawayen amarya a WhatsApp, wanda ka ɗora a Instagram, kwandon shara na kwamfutar, har wayar yaron naka in yana ɗaukar bayan fage.

Sai mu dawo kan ekstanal ɗin. Gaskiyar da zan gaya maka ita ce, abin da ya faɗi yana juyawa kuma ya koma ƙas ƙas, ni a ganina ya fi ƙarfin manhaja, na masu dasa allura ne. Akwai dai wani abu guda, ƙarancin wuta ma yana sa had disk yayi irin wannan ƙarar, kuma faɗuwar da kebul ya ja tana iya sassauta bakin kebul ɗin ko ramin. Tsohon ramin USB 2.0 milli-amf 500 yake bayarwa, shuɗin nan na 3.0 kuma 900, kebul mai rauni yana ƙara rage ta. In katunan sun dawo maka da mafi yawan bikin har ka ji zaka iya ɗaukar kasada, toh kana da gwaji ɗaya, ɗaya tak, kuma kar kayi shi sai ka shirya komai. Ka samo sabon gajeren kebul, da wani had disk da ya fi 2TB, da fulash mai Ubuntu a ciki, wato tsarin kwamfuta na kyauta da zai tashi a madadin Windows, da wanda ya iya ddrescue, manhajar ɗaukar kwafin had disk mai ciwo, ya zauna kusa da kai, da wuta tsayayya ta sola ko inbata don aikin kan iya cin kwana ɗaya ko fiye. Ka jona ka kara kunnenka. In kaji ya tashi sumul yayi shiru kuma ya nuna girmansa daidai, kar ka buɗe folda ko ɗaya don ka leƙa, a take a fara ɗaukar kwafinsa gaba ɗaya. Amfanin ddrescue shi ne yana fara kwashe wurare masu lafiya da sauri, ya tsallake masu ciwo sai daga baya, kuma yana rubuta inda ya tsaya ta yadda ko an ɗauke wuta zai ɗora daga nan. A kula sosai wajen rubuta wanne ne ake ɗauka wanne ake zubawa, in aka juya su an gama da kai. Daga kan kwafin ne za a sa TestDisk ko DMDE, ba daga kan majinyacin ba. In kuwa kaji ƙas sau biyu ko uku, zare, an gama gwaji.

Idan katunan basu bada komai ba, toh kar ma kayi wannan gwajin, ka tattara shi sai wajen masu dawo da data na ainihi. Akwai masu wannan aikin a Legas da Abuja, za kuma ka ji ana ta nuna maka shaguna a Computer Village ta Ikeja ko Banex ta Abuja, amma allon shago ba shi ne shaida ba, tambaya zakayi. A ina kuke buɗewa, zan iya ganin teburin? Kuna da na'urar ciro data daga had disk mai ciwo irin PC-3000? Kuna fara ɗaukar kwafi kafin komai? In ba a samu komai ba nawa zan biya? Zaku nuna min jerin fayilolin kafin in cika kuɗi? Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan ba. Ka faɗa musu duk abin da ya faru har awa shidan nan, kar ka rage, likita ake gaya wa gaskiya. Ka kuma yi maganar sirri da su a rubuce, domin abin da ke ciki hotunan matan mutane ne a wajen kamu, wasu ko mayafi babu, amana ce a wuyanka ko a hannun wa ta faɗa. Baka gaya min kamfanin ba, amma in Seagate ne ka duba kwalinsa ko ka sa lambarsa a shafinsu, wasu suna zuwa da tsarin Rescue na dawo da data na 'yan shekaru. In kuma WD My Passport ne ka sani ramin USB ɗinsa a manne yake da allon had disk ɗin, kuma yana kulle data da kansa, dan haka masu cewa a fasa kwanson a sa shi a wani gida ko a canja allo ba zasu kai ka ko'ina ba. Aikin nan yana da tsada, wani lokacin ya fi kuɗin ekstanal ɗin ninki da yawa, kuma babu mai gaskiyar da zai maka alƙawarin ɗari bisa ɗari.

Toh sai Hajiya. Ƙanena, wannan ƙaryar ita ke hana ka barci fiye da ƙarar ekstanal, kuma tana cutar da su ta wata hanyar da baka lura ba. Yanzu haka bikin nan yana warwatse a wayoyin ƙawaye da 'yan uwa da mai kwalliya da mai ado da wajen, ƙila dangin ango ma sun zo da nasu mai hoton. Kullum da ta wuce wani yana goge nasa don waya ta cika. In ka faɗa yau za a iya tattarowa, in ka kai wata biyu da yawa sun tafi. Ka ba kanka gobe kawai ka gwada katunan don ka je da wani abu a hannu, jibi ka tafi gidan da ƙafarka, ba a waya ba, ka ɗauki wani babba da take jin nauyinsa ko wanda ya haɗa ku aikin. Ka gaishe ta ka ce, Hajiya na zo ne in faɗi gaskiya, na'urar da aikin ke ciki ta faɗi, tsoro ya sa nayi ta ce miki editin ne, wannan laifina ne ki yafe min, ga abin da na samo, ga abin da nake kan yi, ga ranar da zan dawo miki da labari. Kar ka ambaci yaron. Zata yi faɗa, tana da haƙƙi, 'yarta sau ɗaya aka yi mata wannan ranar kuma ta biya don ta samu abin tunawa, ka sunkuyar da kai ka saurara har ta gama. Sannan kai ka fara kawo maganar kuɗi kafin ta kawo: abin da baka iya kawowa ba zaka mayar da kuɗinsa ko da kaɗan-kaɗan ne, kuɗin dawo da data kuma daga aljihunka. Kana iya ƙarawa da tayin zuwa garin da amarya take ka ɗauke su ita da angon da kayan bikinsu kyauta, in sun so. Ka roƙi Hajiya ita ta sanar da amarya, ko ta baka izini ka kira ta ta hannun mijinta.

Yaron kuma ka dawo da shi. Ƙafarsa ta ja kebul, gaskiya ne, amma wanda ya ajiye bikin mutane a wuri ɗaya tak ya share katin, ya kuma bar kebul na reto a hanyar wucewa, kai ne, kuma na san ka san haka, zafin abin ne yasa ka sauke a kansa. Yaro ne da ya ga kawunsa ya rikice saboda shi, Allah kaɗai ya san yadda yake kwana shi ma. Ka je gidan yayarka ka bata haƙuri, ka kira shi ka ce masa tsautsayi ne, sannan ka bashi aiki a cikin gyaran, shi zai bi ƙawayen amarya da 'yan uwa yana karɓo hotuna, a ce su turo a matsayin dokumen don kar WhatsApp ya matse su, shi zai zauna ya jera abin da PhotoRec ta fitar. Daga yanzu kuma ku mayar da shi doka a sutudiyon, ba a yiwa kati fomat sai aiki ya zauna a had disk biyu daban, ɗaya a shago ɗaya a gida, zaɓaɓɓun hotunan kuma a ɗora su Google Drive ko da 15GB ɗin kyautar ne, in kamararka mai ramin kati biyu ce ka sa ta rubuta a duka biyun.

In ka gwada katunan ka sake rubuto min, ka haɗo da sunan kamarar da lambar samfurin da ke bayan ekstanal ɗin da adadin hotunan da suka dawo, sai mu duba ko ya cancanci a kashe kuɗin dasa allura ko abin da ke hannu ya isa a haɗa wa amarya albam ɗinta. Allah ya fitar da kai, ya sanyaya zuciyar Hajiya.